Diyyar Rauni a Bakin Aiki: Haƙƙin Lebura a Ƙasar Bakolori

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki zai nemi diyya a ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, tana mai ɗaukar yankin noman rani na Bakolori, wato ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, a matsayin farfajiyar nazari. An kwatanta ma'anar diyya a fiƙihu da a tarihin yankin da ma'anar da dokar ta ba ta. Abin da ya bayyana shi ne, dokar shaida take nema, ba ta neman mai laifi, kuma akasarin abin da ke salwantar da haƙƙin lebura yana faruwa ne cikin makonni biyun farko bayan haɗari.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wani yanki a Arewacin Nijeriya da kalmar diyya ta bar wa tabo kamar ƙasar Bakolori. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, da nufin shayar da hekta 23,000 na gonakin rani. Ruwan da aka tare ya cinye gidaje da gonaki a ƙasar Maradun, aikin baje ƙasa da haƙa magudanai kuma ya hana manoman da ke ƙasan madatsar yin shuka har na wasu damuna. Jayayya a kan kuɗin gonaki da itatuwa ta kai manoma ga tare hanyoyin aiki, har a ƙarshen watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Adadin mamatan da hukuma ta bayar bai kai 30 ba, amma waɗanda suka bi diddigin al'amarin sun ce ɗaruruwa ne. Bjorn Beckman na daga cikin masanan da suka yi rubutu a kan wannan waƙi'a.

Wanda duk ya tashi da wannan labari a kunnensa, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki diyya a matsayin abin da ake ƙwata da rigima daga hannun wanda ya fi ƙarfi. Ita kuwa diyyar da wannan maƙala ke magana a kanta daban take: ta jikin ma'aikaci ce, ba ta gona ba. Buƙatar saninta ta ƙaru tun da shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya dawo da manyan injina da 'yan kwangila gyaran magudanan Bakolori. Bayan leburorin kankare da masu walda da direbobin tifa, akwai masu aiki a injinan casar shinkafa, da masu lodi a kasuwar Talata, da masu gadi da shara a makarantu da asibitocin garuruwan uku. Kowane ɗayansu yana iya wayar gari lafiya, ya koma gida da yatsu huɗu.

2.0 Diyyar da Bahaushe ya sani

Diyya kalmar Larabci ce da ta shigo Hausa ta hanyar fiƙihu, kuma a Zamfara, jihar da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a cikinta a watan Oktoban 1999, ma'anarta ta asali tana nan da rai. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ake karantawa a Risala da Muhtasar, diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Gaɓɓai ma suna da nasu ƙimar: hannu ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Idan kuskure ne ya jawo kisa, dangin wanda ya yi kuskuren, waɗanda ake kira aƙila, su ne ke haɗa kuɗin su biya cikin shekara uku.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe daga nan. Na farko, wannan diyya tana buƙatar wanda za a jingina wa ɓarnar, ko da gangan ya yi ko da kuskure. Shi ya sa malamai suka tafi a kan cewa wanda aka ɗauka haƙar rijiya ko ma'adini, rami ya rufta da shi ba tare da sakacin wanda ya ɗauke shi ba, babu diyya a kan kowa. Na biyu, tsarin aƙila ya nuna cewa tunanin raba nauyin asara a kan jama'a, don kada ta durƙusar da mutum ɗaya, tsohon abu ne a wajen Musulmi.

Abu na farkon nan shi ne ke ɗaure wa lebura baki. A fahimtarsa, neman diyya tamkar nuna ubangidansa ne da yatsa a ce shi ya cuce shi. Ga shi kuwa mutumin nan shi ya ɗauke shi aiki, wataƙila ma maƙwabcin mahaifinsa ne, kuma ya zo dubiya har gida da ɗan abin sayen magani. Sai a ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi addu'a a watse. Imani da ƙaddara bai hana neman magani ba, kuma bai hana karɓar haƙƙi ba, amma kunya takan fake a bayansa.

3.0 Dokar 2010 da abin da ta sauya

Tunanin biyan ma'aikaci ba tare da binciken laifi ba ya samo asali ne daga Jamus, inda gwamnatin Bismarck ta kafa inshorar haɗarin aiki a 1884. Ingila ta yi tata dokar a 1897, Turawan mulkin mallaka kuma suka kawo irinta Nijeriya a farkon shekarun 1940. Dokar soja ta 1987 ta ɗora nauyin biya a wuyan ubangida kai tsaye, a dunƙule: albashin wata 42 idan ma'aikaci ya rasu, na wata 54 idan ya nakasa gaba ɗaya. Illar wannan tsari a fili take. Tun da daga aljihun ubangida ko kamfanin inshorarsa kuɗin za su fito, duk wata da'awa sai ta zama kokawa.

A watan Disamban 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta soke ta 1987. Sabuwar dokar ta kafa asusu ɗaya a hannun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata. A kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024, naira 700 ke nan a kan kowane ma'aikaci. Idan haɗari ya auku, asusun ne ke biya. A iya cewa aƙila ce ta masu ɗaukar aiki, sai dai ta wuce aƙila da taki ɗaya, domin ko babu wanda ya yi kuskure, ko ma'aikacin ne da kansa ƙafarsa ta zame, haƙƙinsa yana nan muddin raunin ya samo asali daga aikin ko ya auku a cikinsa. Saboda haka wanda ya cika fom ɗin neman diyya bai tuhumi ubangidansa da komai ba.

Dokar ta faɗaɗa ma'anar ma'aikaci ƙwarai. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki da wanda aka ɗauka a rubuce, na dindindin da na wucin gadi, ɗan koyo da leburan yini, har da ɗan aikin gida idan ba ɗan gidan ba ne. Ta shafi ma'aikatan tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi. Sojoji kaɗai aka keɓe. Haka nan ta haramta abubuwa biyu da suka zama ruwan dare: sashe na 13 ya hana a yi yarjejeniya da ma'aikaci a kan ya yafe haƙƙinsa na diyya, sashe na 14 kuma ya hana a cire kuɗin asusun daga albashinsa. Ke nan takardar da akan kawo wa majinyaci ya dangwala a kan gadon asibiti, wai ya karɓi kaza ya yafe sauran, ba ta da ƙarfi a gaban wannan doka.

Rauni ma bai tsaya ga karaya da yankewar gaɓa ba. Akwai cututtukan da sana'a ke haifarwa, da kurumcewa saboda ƙarar inji, da matsananciyar damuwa da wani mummunan abu a wurin aiki ya haddasa. Akwai kuma haɗarin hanya, tsakanin wurin aiki da gida, ko inda ma'aikaci ya saba cin abinci, ko inda yake karɓar albashi, da sharaɗin ubangida ya san wurin tun da farko. Ga leburan da ke hawa babur kullum daga Bakura zuwa bakin magudana, wannan sharaɗi yana nufin ya tabbata sunan ƙauyensu yana cikin littafin kamfani.

4.0 Kwana 14, kwana 7, shekara 1

A nan ne gizo ke saƙar. A ƙaddara wani lebura ne daga wani ƙauyen Maradun, yana aikin zuba kankare a gefen magudana, katakon da ya taka ya karye, ya faɗi ya karya cinya. Abin da aka saba gani shi ne abokan aiki su ɗauke shi a mota zuwa gida, a kira maɗori. Helima ya zo da yamma ya ce, “Sannu, Allah ya sa kaffara ne, in ka warke gurbinka yana nan.” Majinyaci ya amsa, “Na gode, ranka ya daɗe.” Babu abin da aka rubuta. Bayan wata huɗu ƙafa ta haɗe a karkace, kwangila ta ƙare, kamfani ya kwashe kayansa. A sannan ne wani zai ba shi labarin akwai hukumar da ke biyan diyya.

Sashe na 4 na dokar ya ba ma'aikaci kwana 14 daga ranar haɗari ya sanar da ubangidansa. Ba dole sai shugaban kamfani ba: manaja ko mai duba aiki ko mai ba da taimakon gaggawa ko duk wanda ke riƙe da aikin a wurin ya wadatar. Sanarwar ta ƙunshi sunan ma'aikaci, da lokaci da wurin da abin ya faru, da irin raunin da musabbabinsa, cikin magana ta yau da kullum. Idan rasuwa aka yi, iyalin mamaci ne za su sanar. Rashin yin sanarwar yana iya toshe da'awa, ko da yake hukumar na da ikon ɗaga ƙafa idan ta gamsu cewa ubangida ya riga ya san da haɗarin, ko kuma jinkirin bai cutar da shi ba. A misalin da ya gabata helima ya sani, tun da har ya zo dubiya. Matsalar ita ce tabbatar da hakan bayan helima ya koma garinsu. Saƙon waya guda ɗaya da ɗan'uwan majinyaci zai tura masa a ranar, ya ajiye kwafinsa, ya fi shaidu goma da za a nema daga baya.

Shi kuma ubangida, sashe na 5 ya ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. Idan rai aka rasa, nan take ake so. Ƙin kai rahoto laifi ne a kansa. Amma bai kamata ma'aikaci ya naɗe hannu yana jiran wannan rahoto ba, domin neman diyyar kansa aiki ne na daban. Sashe na 6 ya ce ma'aikaci ko iyalinsa su cika fom ɗin hukumar su sa hannu cikin shekara 1 daga ranar haɗari. Idan akwai uzuri mai ƙarfi, hukumar na iya karɓa har zuwa shekara 3. Ofishin hukumar na jihar yana Gusau, tafiyar kusan kilomita 100 daga Talata Mafara, kuma duk wanda ya san halin tsaro a ƙauyukan Maradun da Bakura a 'yan shekarun nan ya san shekara ɗaya ba ta da tsawon da ake zato.

Batun ɗori yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa. Maɗoran ƙasar Hausa suna da gwaninta da ba a musunta, kuma sun fi asibiti kusa da sauƙin kuɗi. Sai dai maɗori ba ya ba da takarda. Hukumar kuwa da rahoton likita take auna girman nakasa, da shi take lissafin abin da za ta biya. Katin asibiti mai ɗauke da kwanan watan ranar haɗari, da hoton ƙashi na farko, da rasiɗin magunguna, su ne ƙashin bayan da'awa. Ko da iyali sun ƙudura sai an yi ɗorin gida, hikima ita ce a fara biyawa ta babban asibitin Talata Mafara ko wanda ya fi kusa, a buɗe kati, a gaya wa likita a fili cewa a wurin aiki abin ya faru, a roƙe shi ya rubuta hakan. Idan raunin ya yi tsanani har aka tura majinyaci Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, takardar turawar ma abar adanawa ce. Haɗarin mota ko babur kuwa yana buƙatar rahoton 'yan sanda, rasuwa kuma takardar shaidar mutuwa, abin da al'adar gaggauta jana'iza kan sa a manta da shi.

5.0 Abin da ake biya

Asusun yana ɗaukar kuɗin magani da jinya, da gaɓar roba ga wanda aka yanke wa hannu ko ƙafa, da koyar da wata sana'a ga wanda ba zai iya komawa tsohon aikinsa ba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Mai albashin naira 70,000 zai riƙa samun 63,000 ke nan. Wanda nakasarsa ta rage masa ƙarfi kawai, ana ƙiyasta abin da ya rasa na samu, a biya shi kashi 90 na wannan giɓi. Idan ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye waɗanda shi ke ɗauke da su, kashi 90 ne, mai ɗa ɗaya kuma kashi 85. Rabon 'ya'ya yana ci gaba har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa.

Biyan wata-wata ya fi dacewa da gidan da ya rasa mai ciyar da shi, domin kuɗin dunƙule sukan narke tun ana zaman makoki. Amma yana da nasa sharaɗin: dole a san albashin. Leburan da ake biya a hannu duk yammacin Alhamis, ba tare da takarda ba, zai sha wuya wajen nuna nawa yake samu.

Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Idan wani na waje ne ya jawo raunin, alal misali direban wata mota da ba ta kamfanin ba, ma'aikaci na da zaɓi cikin wata 6: ko ya kai wancan ƙara ko ya karɓi diyyar asusu. Cin tudu biyu ne doka ta hana.

6.0 Wane ne ubangida?

Duk abin da aka zayyana yana tafiya daidai ne idan akwai kamfanin da ya yi rajista da hukumar kuma yana zuba kasonsa. A aikace abin da hukumar ke fara dubawa ke nan. Manyan 'yan kwangilar ayyukan tarayya, irin na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da Bakolori, ana neman takardar shaidar biyan wannan kaso daga gare su kafin a ba su aiki. Sai dai babban kamfani yakan yanka wa ƙaramin ɗan kwangila wani ɓangare, shi kuma ya ba helima jinga, helima ya tara samari daga ƙauye. Dokar ta hango wannan, ta ɗora alhakin kason a kan mai aikin da ɗan kwangilarsa gaba ɗaya, don kada kowa ya ce yaran ba nasa ba ne. Duk da haka sunan da bai shiga littafin kowa ba, wuyar kare shi ake yi. Tambayar da ta fi kowace amfani ga lebura, ranar da ya fara aiki ake yin ta: a littafin wa aka rubuta shi? Hoton shafin da ake kiran suna kowace safiya, ko katin shiga wurin aiki, shaida ce babba.

Daga nan sai a gangaro inda hannun dokar bai kai ba sosai. A 2010, shekarar da aka sa mata hannu, gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara kusan 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gubar dalma tana cikin cututtukan sana'a da dokar ta lissafa, amma yaran ba ma'aikatan kowa ba ne, iyayensu kuma masu haƙa ne na ƙashin kansu ko masu aiki a ƙarƙashin wani mai rami da ba shi da rajista. Haka abin yake ga ɗan ƙwadagon da ke feshin maganin ciyawa a gonar shinkafa ba takunkumi, da yaron da ke ɗura shinkafa a bakin injin casa. A takarda ma'aikata ne, tun da dokar ta ambaci waɗanda ke aiki ba bisa tsarin ofis ba. A zahiri babu wanda ya taɓa zuba musu ko kwabo a asusu.

Ga irin waɗannan, rashin rajistar ubangida laifinsa ne shi, ba ya shafe matsayinsu na ma'aikata. Ana iya kai koke ga hukumar kanta, wadda ke da ikon bin mai ɗaukar aiki bashin kason da bai biya ba, ko ga ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko Hukumar Karɓar Koke-Koken Jama'a, ko Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ga marasa ƙarfin ɗaukar lauya. Yankin kuma yana da wani abin da wasu wuraren ba su da shi. Gyaran Bakolori ya zo da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke da shugabanni da littattafan mambobi, suna karɓar kuɗin ruwa, suna kuma ɗaukar mutane yashe ƙananan magudanai. Ƙungiyar da ke ɗaukar leburori tana biyansu ta zama mai ɗaukar aiki a idon doka. Yi musu rajista a dunƙule zai ci mata naira 1 ne a kan kowace naira 100 da ta biya lada, kuma littafin da sakatarenta ke rubuta sunayen masu yashe a ciki shi ne takardar farko da jami'in hukumar zai nema ranar da wani ya ji ciwo.